Abin da muka gani da muka mayar da bayar da kwangila kan intanet

A sashenmu na sayayya, a ɗaya daga cikin jihohin Arewa, mun daina amfani da akwatin jefa takardun neman kwangila ne saboda shirin SFTAS na Bankin Duniya, mai ba jihohi tallafi idan sun gyara yadda suke tafiyar da kuɗin gwamnati, wanda aka fara a 2018. Cikin sharuɗɗan samun tallafin a lokacin akwai cewa jiha ta riƙa bayar da kwangila ta intanet, musamman a ma'aikatun lafiya, ilimi da ayyuka, ta kuma wallafa wanda ya samu da nawa ya samu. Ruwanda ta riga mu da tsarinta na Umucyo a 2016, Bangaladash kuwa tun 2011.

Mun ɗauka manhajar ce za ta ba mu wuya. Ashe rajistar 'yan kwangila ce. Kowane kamfani sai ya ɗora takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da sauran takardun da doka ta tanada, jami'i ya duba ya amince kafin kamfanin ya iya shiga kowace gasa. Mun yi kuskuren buɗe rajista da tallar farko a mako guda, sai takardu suka taru a gaban masu tantancewa, ranar rufewa ta zo alhali wasu kamfanonin ba su ma samu shiga ba. Yanzu rajista a buɗe take duk shekara, kuma muna tura saƙon waya kafin takardar harajin mutum ta ƙare.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na kafe, wato shagon intanet. Yawancin ƙananan 'yan kwangilarmu ba su da kwamfuta, sai su kai takardunsu wurin mai kafe, su ba shi kalmar sirrinsu. Mun gano kamfanoni daban-daban sun shigar da tayinsu daga kwamfuta ɗaya, lambar waya ɗaya ce kuma a rajistarsu. Ke nan mutum guda ya ga farashin kowa tun kafin a rufe. Sirrin da manhajar ta kulle, an riga an buɗe shi a teburin kafe. Maganin da muka yi: lambar tabbatarwa ta tafi wayar daraktan kamfani kaɗai, ba a yarda lamba ɗaya ta yi wa kamfani biyu rajista ba, muka kuma ware ɗaki da na'urar sikanin a ofis inda mutum zai cika farashinsa da hannunsa.

Sai ranar rufewa. Kowa yana jira sai saura awa guda, ga fayil mai nauyi domin an ɗauki kowane shafi hoto da waya, ga sabis yana ɗaukewa. Manhaja ba ta san Alhaji ba, lokaci na cika ta rufe. Mun koya musu su haɗa takardu a PDF, su rage nauyinsu, su ɗora tun ana saura kwana biyu, tunda ana iya janye tayi a gyara kafin rufewa. Mun kuma rubuta ƙa'ida: idan matsalar daga na'urarmu ce, a ƙara wa kowa wa'adi a fili, ba mutum ɗaya ba.

Amma kada wani ya ce maka kwamfuta ta kashe cuwa-cuwa. Ƙaura ta yi. Da aka hana sauya ambulan da dare, sai ta koma wurin rubuta sharuɗɗa: a nemi janareta da siffar da dila ɗaya ne kawai yake da ita, ko a tsaga aiki gida uku don kowane kaso ya faɗo ƙasa da adadin da ke tilasta gasa. Shi ya sa yanzu ba a ɗora talla sai wani wanda ba shi ya rubuta sharuɗɗan ba ya duba su, kuma a wallafa ma'aunin ba da maki tare da tallar.

Inda har yanzu muke ɗingishi shi ne biya. Manhajarmu ba ta haɗe da ta baitulmali ba, don haka mutum zai ci kwangila a intanet, amma kuɗin kafin alƙalami sai ya bi fayil daga tebur zuwa tebur. Shi muka sa a gaba a kasafin bana.