Yadda na zaɓi abin lissafa tafiyar kekena

Tambayoyi biyu kawai nake son amsarsu: kilomita nawa na taka a wata, kuma yaushe ya kamata in canza cen da taya. Tun bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 na jingine babur na koma keke, kamar yadda mutane da dama suka yi a nan Kano. Da shi nake zuwa aiki, ranar Asabar kuma in miƙa hanyar Gwarzo daga Kabuga, in je wajejen Rimin Gado in juyo. Da tafiya ta yi tafiya, sai na ga ina kashe kuɗin gyara ba tare da na san ko kayan sun yi aikin kuɗinsu ba. Baba mai gyaran keke na bakin layinmu ya taɓa tambayata, "Malam, wannan cen ɗin yaushe muka sa shi?" Na ce kamar bayan ƙaramar Sallah. Ya ce, "Wacce daga ciki?" Daga ranar na shiga neman manhaja.

Kowa ka tambaya Strava zai ce maka, kuma ba laifinsu ba ne. Tun 2009 kamfanin yake, a San Francisco ta Amurka, kuma manhajar tana aikinta. Ka danna, ka taka, ka dawo ka danna, ta zana maka hanyar da ka bi a taswira, ta ba ka nisa da lokaci da gudu. Har wurin shigar da keke tana da shi, ta riƙa tara maka nisan da kowane keke ya yi. Na yi watanni ina amfani da ita. Sai dai an gina ta ne domin masu son gwada ƙwanji da juna: wane ne ya fi gudu a wane yanki na titi, wa ya yaba wa tafiyar wa. A watan Mayun 2020 suka mayar da cikakken jerin gwanayen yanki da tsara hanya zuwa ɓangaren masu biya, kuma ga mai karɓar albashi da naira, biyan kuɗin manhaja duk shekara abu ne da sai an zauna an yi tunani. Ni kuwa ba tsere nake da kowa ba. Mutumin da ke kauce wa adaidaita sahu a Kabuga da ƙarfe bakwai na safe ba shi da wani tarihin gudu da zai kafa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne taswirar. A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa, wadda ta tattara hanyoyin da masu amfani da ita suke bi, tana nuna siffar sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna motsa jiki da na'urorinsu a kunne. To idan sansanin soja ya fito fili, ina ga ƙofar gidana? Wanda yake fita bayan sallar Asuba kullum, daga lungu ɗaya, ta hanya ɗaya, ya kuma baza wannan a intanet, ya gaya wa duniya inda kekensa yake kwana da lokacin da yake shi kaɗai a titi. Akwai saitin da ke ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta, akwai kuma na mayar da komai sirri, kuma duk mai amfani da irin waɗannan manhajoji ya fara da nan kafin ya taka feda. Amma na tambayi kaina, in dai zan rufe komai, me ya kai ni dandalin jama'a tun farko?

Ga kuma matsalar wayar kanta, wadda ba ruwan kowace manhaja da ita. GPS ba ya cin data, daga taurarin ɗan'adam yake karɓar saƙo kai tsaye, amma batir yake sha. Wayoyin Android da yawa suna da tsarin tattalin batir da ke kashe duk manhajar da ke aiki a ɓoye da zarar fuskar waya ta mutu. Sai ka dawo gida ka tarar an ja maka miƙaƙƙen layi daga inda ta kashe zuwa inda ka sake taɓa wayar, duk kwanar da ka sha a tsakani ta bi ruwa. Maganinsa shi ne ka shiga saitin batir ka cire wa manhajar takunkumi. Ɗaura waya a kan keke kuwa ban ba kowa shawara ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura maki 40, wayar za ta yi zafi ta rage haske ko ta kashe kanta, sannan a garin da ake fama da masu ƙwacen waya, ka kafa ta a gabanka tana ƙyalli, ai ka yi talla. A aljihu take zama, ko a jaka.

Na leƙa GoldenCheetah a kwamfuta. Kyauta ce, kuma masu horo na gaske suna yabonta, amma an yi ta ne domin mai na'urar auna ƙarfin taka feda da ta bugun zuciya. Na buɗe na ga zane-zane sun cika min ido, na rufe.

Wadda ta zauna min a waya ita ce OpenTracks. Asalinta daga My Tracks ne, manhajar da Google ta daina a 2016, wasu suka ɗauki lambobinta da suke a buɗe suka ci gaba da ginawa. Ana samunta a F-Droid, wata ma'ajiyar manhajojin Android na kyauta. Ba ta neman ka buɗe asusu, ba talla, kuma ko izinin shiga intanet ba ta da shi, saboda haka abin da ta rubuta a wayarka yake kwana. Ko taswira ba ta da ita a cikinta, sai ka haɗa ta da wata manhajar taswira in kana son ganin hanyar. Wasu za su ga wannan naƙasu ne. Ni ya yi min daidai, domin ba kullum nake kunna ta ba, sai ranar da zan bi sabuwar hanya da nake son in adana.

Abin da na koya da muhimmanci a nan shi ne batun fitar da bayanai. Kafin ka saba da kowace manhaja, duba ko za ta ba ka tafiyarka a fayil. GPX shi ne wanda kusan kowa yake karantawa, tun 2002 ake amfani da shi; akwai TCX da FIT na na'urorin Garmin, kamfanin da ke yin agogo da mitocin motsa jiki, akwai kuma CSV da ke buɗewa a Excel. Dalili kuwa, manhajoji suna mutuwa. Wata manhajar motsa jiki, Endomondo, ta taɓa tara miliyoyin masu amfani, kamfanin Under Armour ya saye ta a 2015, aka rufe ta a ƙarshen 2020, wanda bai kwashe nasa ba kafin wa'adi ya yi asara. A watan Yulin 2020 ma 'yan kutse sun durƙusar da Garmin Connect, dandalin ajiye tafiya na Garmin, na kwanaki, masu agogo masu tsada suka kasa ɗora tafiyarsu. Strava tana barin mutum ya sauke duk tarihinsa a dunƙule, kuma da haka na kwaso nawa lokacin da na bar ta.

Ainihin lissafin yau da kullum kuwa, ba a waya nake yinsa ba. Ƙaramar mita na saya, irin mai maganaɗisu. Ana ɗaura maganaɗisun a wayar ƙafar gaba, a ɗaura abin da ke jinsa a jikin fok, duk zagaye ɗaya ta ƙirga, ta ninka da kewayen taya. Batirinta irin na agogo ne, CR2032, yana daɗewa ƙwarai. Ba ruwanta da sabis ko hazo, ba ta buƙatar caji, kuma ko kasuwa na je sayen cefane ta lissafa, abin da ba zan taɓa tunawa in kunna wa waya ba. Waɗannan ƙananan fitar, idan aka tara su a wata, ba kaɗan ba ne, kuma cen bai san bambancin zuwa cefane da motsa jiki ba.

Sai dai mitar ba ta san girman tayarka ba sai ka gaya mata, kuma a nan mutane suke yin sakaci. Takardar da ke zuwa da ita tana da jeri: taya 700x25 kewayenta milimita 2105, taya 26x2.125 kuma 2070. Idan kekenka mai 26 ne ka bar ta a 2105, duk kilomita 1000 za ta ƙara maka kusan 17 da ba ka taka ba. Masu tsohon Raleigh ko Phoenix mai ƙafa 28, tasu tazarar ta fi haka, sai dai su rage musu nisan za ta yi. Gara ka auna da kanka. Ka ba taya iska yadda ka saba, ka tsayar da bawul a ƙasa, ka yi alama da alli a siminti, ka hau wani ya riƙe ka, ka gangara har bawul ya sake dawowa ƙasa, ka sake yin alama. Tazarar da ke tsakani, a milimita, ita za ka shigar. A kuma tabbatar tana kan kilomita, domin mil ɗaya kilomita 1.609 ne, kuma wasu mitocin da mil suke zuwa.

Da dare sai in kwafe lambar a jadawali. Excel ne, ko Google Sheets, ko LibreOffice Calc ga wanda ba ya son biyan lasisi, duk ɗaya. Gurabe biyar na yi: kwanan wata, jimillar da mita ta nuna, mintuna, hanya, sai bayani. Jimillar nake rubutawa, ba nisan ranar ba, jadawalin ya debe ta jiya daga ta yau da kansa. Amfanin haka shi ne ko na yi kwanaki ban rubuta ba, babu abin da ya ɓace, lissafin zai cike gurbin a rana ta gaba. Matsakaicin gudu kuma nisa ne sau 60 a raba da mintuna. Na daina damuwa da shi sosai, domin manhajoji ma ba bakinsu ɗaya ba a kansa: wata tana cire lokacin da ka tsaya a danja, wata tana haɗawa, sai abokai biyu da suka fita tare su dawo suna musu. Haka lissafin kalori, in babu na'urar bugun zuciya ko ta ƙarfin feda, kintace ne. Tsayin hawa da gangara ma, GPS na waya ba gwani ba ne a kansa, ga shi ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Duk na watsar da su.

Gurbin bayani shi ne ya biya min buƙata. Nan nake rubuta "sabon cen", "tayar baya", "faci", "robar birki", da kuɗin da na biya. A shafi na biyu na jera kayan, kowanne da lambar mita ta ranar da aka sa shi, jadawalin yana nuna min nisan da ya yi zuwa yau. Shi cen ba a jira ya tsinke. Tsakanin fil da fil rabin inci ne, saboda haka gaɓa 24 na sabon cen inci 12 ne cif. Idan ka ɗora ruwula ka ga ya zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, wato kusan milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. In ka bar shi ya ci gaba da miƙewa, haƙoran giyar baya zai cinye, sai ka sayi biyu maimakon ɗaya. Yanzu idan na auna nakan rubuta sakamakon a gefen lambar mita.

Daga nan ne na ga abin da da ba zan gani ba. Cen ɗin da ya ratsa hunturu ya fi saurin miƙewa a kan wanda aka sa bayan ƙura ta kwanta. Ƙurar tana haɗuwa da mai ta zama kamar garin wasa wuƙa, tana cin ƙarfen daga ciki. Da na nuna wa Baba shafin a waya, ya ce ai shi ya daɗe da sanin wannan, shi ya sa yake hana mutane zuba baƙin man inji a cen. Gaskiyarsa. Amma yanzu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ina goge cen da tsumma akai-akai, mai kaɗan nake ɗigawa, in share na waje. Na kuma gane cewa tayar da na ɗauka mai araha ce ita ta fi tsada, idan aka raba kuɗinta da na facin da ta ja min a kan kilomitocin da ta yi.

Abu ɗaya da za a kiyaye: cire batirin mita yana iya share jimillar. Wasu suna barin ka sake shigar da tsohuwar lambar da hannu, wasu daga sifiri suke farawa. Kafin in canza batir nakan rubuta lambar a jadawali, idan ta koma sifiri in buɗe sabon gurbi da ke ƙara tsohuwar jimilla a kan sabuwa. Fayil ɗin kuma, duk ƙarshen wata nakan tura wa kaina kwafinsa ta imel, tare da fayilolin GPX na sababbin hanyoyin da na bi a watan.