Kafin ka yanka kuɗin kwasar baraguzai daga hoton WhatsApp

Yanzu yawancin aikin kwasar tarkace ta waya yake shigowa. Mai gida ya rushe ɗaki, ko ɗan haya ya tashi ya bar komatsai, sai a turo hoto ɗaya da tambaya: "Nawa za ka kwashe min wannan?" Ƙannena masu shigowa harkar, a nan akasarinmu muka fara tafka asara. Mukan kalli hoto mu ce sawu ɗaya ne, a ƙulla ciniki, sai an je a tarar da sawu uku, ga kuɗin mai, ga leburori, magana kuma ta riga ta fita daga baki. Hoto girma yake nunawa, shi ma ba duka ba. Nauyi kuwa ba ya nuna shi ko kaɗan.

Mota ta hanya biyu take cika: ko wuri ya ƙare, ko nauyi ya kai iyakarta. Katifu, kujeru da kwalaye sukan cinye wuri alhali motar ba ta ma san an ɗora mata kaya ba. Baraguzai kuwa sukan kai ta iyaka tun bodi bai kai rabi ba. Saboda haka kafin ka tambayi yawan kayan, fara tambayar irinsu.

Ma'aunin da za ka riƙe shi ne kubik: akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare. Idan ya yi maka wuyar hangowa, durom biyar na lita 200 ne, ko jarka 40 mai lita 25, ko baro kamar 15 a cike. Kubik ɗaya na komatsan ɗaki da wuya ya wuce kilo 150. Sharar gida a cakuɗe takan kama daga 250 zuwa 400, gwargwadon yawan ƙasa da tokar da ke ciki. Fasassun bulo da kankare sukan yi 1,300 zuwa 1,600. Busasshen yashi wajen 1,600, idan ya sha ruwa ya tasam ma 2,000. Ka ga tuli biyu masu girma ɗaya a hoto, ɗaya ya ninka ɗaya sau goma a nauyi.

Sai auna tulin. Ba wanda zai turo maka awo da tef, don haka nemi abin da ka san girmansa a cikin hoton. Bangon da ba a yi wa filasta ba ya fi komai amfani: bulo tsawonsa santimita 45 ne, layi huɗu da simintin tsakaninsu kuma kusan mita ɗaya. Ƙofar ɗaki takan ɗan haura mita biyu, faɗinta santimita 90 ko ƙasa kaɗan. Durom tsayinsa bai cika santimita 90 ba. Tayil ɗin ƙasa ma yana aiki, in ka tambaya ko mai 40 ne ko mai 60. Amma abin awon ya kasance dab da tulin. Kuskuren da ya fi cin mu shi ne auna tulin da ke can ƙuryar tsakar gida da jarkar da ke gaban kyamara. Duk abin da ke nesa ƙanana yake fitowa, musamman in mai ɗaukar ya sa wayar a 0.5 don komai ya shiga.

Idan ka sami tsawo da faɗi da tsayi, kada ka ninka su ka tsaya nan, tuli ba akwati ba ne. Wanda aka zube a fili ya yi tsororuwa, ninka faɗi sau faɗi sau tsayi, ka raba huɗu. Mai faɗin mita 3 da tsayin mita 1 ya ba ka kubik biyu da kwata, wato baraguzai tan uku da ɗoriya. Wanda aka jingina da bango, ninka ukun ka raba biyu. Akwai kuma wata 'yar dabara ta kama ƙaryar hoto: yashi da ƙasa ba sa tsayuwa a tsaye, tsayin tulinsu ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa. In ka ga tuli ya kai ƙirjin mutum, to gindinsa ya kai mita huɗu, ko da hoton bai nuna ba. Lissafa wannan ka gani: ya haura kubik biyar.

Sau da yawa ma ba tuli za a turo maka ba, ɗakin ne a tsaye, a ce gobe za a rushe. Wannan ya fi sauƙin lissafi, amma shi ido ya fi rainawa. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo goma. In bulon mai inci tara ne, da siminti da filasta ciki da waje, murabba'in mitar yana kai wa kusan kilo 350. Mai inci shida wajen 260. Ɗauki ɗaki mai mita 4 sau 4, tsayi mita 3: bangonsa murabba'in mita 48 ne, cire 4 na ƙofa da taga, saura 44. A inci tara tan 15 ke nan, ba a taɓa daɓe ba. Daɓen kankare mai kaurin santimita 10 a wannan ɗakin zai ƙara kusan tan huɗu. In akwai rufin kankare (dakin) a sama, kowane murabba'in mita mai kaurin santimita 15 kilo 360 ne, ga rodi a ciki da zai hana shi zama lafiya a mota sai an yanke.

Ginin ƙasa kuwa, yi masa ladabi. Bangon tubali mai kaurin santimita 40 yana ninka na bulo a nauyi, wajen kilo 700 kowane murabba'in mita. Ɗaki irin wancan ya tashi tan 30, ban da ƙasar da ke kan azara. Matsalar ita ce tsofaffin gidajen cikin birni da yawa an shafe su da siminti an yi fenti, a hoto ba ka bambanta su da na bulo. Nemi hoton bakin ƙofa ko taga daga gefe, kaurin bangon zai tona asiri. Ka kuma tuna duk abin da aka fasa kumbura yake yi: kankare yakan ƙara kusan rabin girmansa, ƙasa kamar kwata. Nauyin bai ƙaru ba, wurin da zai ci ne ya ƙaru.

Yanzu ɗora lissafin a kan mota. Akori-kura irin Hilux tan ɗaya ne ƙarfinta, bodin mai gida biyu kuma ya ɗan haura kubik ɗaya. Ma'ana idan ka cika ta fal da baraguzai ka riga ka wuce iyaka da rabi. Ba ranar za ka gani ba. Sifirin ne zai miƙe, taya ta fara kumburi a gefe, kuloci ya fara ƙauri, birki ya ƙi kamawa a gangara. Tifar tan goma kubik bakwai na baraguzai ya ishe ta, komai sauran wurin da ido ke gani. Kada yaran mota su ce "Oga, a ƙara, akwai waje." Ga komatsan ɗaki kuwa tifa ɓarnar kuɗi ce, mota mai dogon bodi da igiya ta fi.

Tambayi ranar da aka ɗauki hoton. Tulin ƙasar da aka ɗauka a watan Mayu ba shi ne na Agusta ba, ruwan damina kaɗai zai ƙara masa kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. Taɓon da aka yashe daga kwata ya fi kowa mugunta, gara a bar shi kwana biyu ya tsane kafin a loda. Katifa da kafet idan suka jiƙe, mutum biyu sai sun yi nishi. Sannan tulin da ya kwana a bakin layi haihuwa yake yi, maƙwabta na ƙara masa da dare.

Abin da za ka roƙa bai da yawa. Ce masa: "Alhaji, don Allah a sa yaro ya tsaya jikin tulin a ɗauka ta gaba da ta gefe, sannan a yi min ɗan bidiyo a zagaya shi, a bi da shi har bakin titi." Wannan bidiyon na ƙarshe shi muka fi mantawa. Idan tifa ba ta shiga lungun, sawu ɗaya baro ɗari ne da 'yan kai, kowanne sai an tura shi zuwa titi sannan a sake ɗaga shi da shebur. Kuɗin leburori a nan yakan wuce na mota. Ka sa a tona saman tulin da shebur a ɗauki cikinsa, domin kwalaye da ganye sukan rufe fasasshen kankare. In ka hango tsohon silin ko rufin asbestos, kada a farfasa shi. Ƙurarsa tana lalata huhu, a jiƙa shi da ruwa, a rufe hanci, a ɗauke shi daban. Tukunyar gas da batir da kayan asibiti su ma ba a cakuɗa su. Ka kuma san jujin da hukuma ta yarda a zubar tun kafin ka faɗi kuɗi, a Kano hukumar kwashe shara, REMASAB, ce ke da wannan, don nisan wurin ne ke yanke sawu nawa za ka yi a yini.

Idan ka gama lissafi, ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, sannan ka faɗi kuɗin sawu ɗaya, ba na aikin duka ba: "Ina ganin sawu uku ne, in ya kai huɗu kuɗin sawu kaza." Rubuta shi a saƙo, kada ka tsaya a kiran waya. A cikin saƙon nan ka tambayi na wa ne ƙarafan. Rodi da tsohon kwano da ƙofar ƙarfe 'yan gwangwan suna saye a kilo, kuma in ka rage kuɗi saboda ka hango su a hoto, sau tari kafin motarka ta iso magina sun riga sun tsince su.