Ranar da na durƙusa a ofishin firinsifal

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, na dawo daga aikin dare ke nan ko takalmi ban cire ba, sai wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga makarantar babban ɗana. Shekara huɗu da rabi muna garin Kolombus na jihar Ohayo a Amurka, amma har yau idan mutanen nan suna magana da sauri ba duka nake kamawa ba. Abu uku kunnena ya tsinta: 'yan ajin ƙarshe, ɓarna, da bikin yaye ɗalibai. Gabana ya yanke ya faɗi.

Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, kuma sunan mahaifina ya ci, don haka Mai sunan Malam nake ce masa. Malam, Allah ya jiƙansa, a koyarwa ya ƙare rayuwarsa, a makarantun firamare na Zariya. Na tashi ina ganin manyan mutane masu gemu, wasu da motocinsu, suna tsayawa a ƙofar gidanmu su tuɓe takalmi su durƙusa su gaishe shi, don kawai ya taɓa koya musu ABCD. A ce wai mai sunan wannan bawan Allah ne ya yi wa malamansa ɓarna? Abbansu direban babbar mota ne, ranar yana can wata jiha. Da a gida ne, kafin in sa mayafi an kira kawunsa, shi zai je, ni ina ɗaki ina jiran labari. Nan kuwa ni ce kawun, ni ce baffan. Na zura hijabi a kan kayan aiki na fita.

Tun daga bakin titi na fara gani. An kafa wani allo irin wanda suke kafawa a gaban gidan da za a sayar, an rubuta cewa makarantar ta sayarwa ce, dala 20 da santi 24, wato shekarar da suke fita, 2024. Rubutun hannun ɗana ne. Ko cikin duhu na san yadda yake lanƙwasa harafi. Motar firinsifal kuma an lulluɓe ta kaf da 'yan ƙananan takardun nan masu gam a baya, rawaya da kore, ko gilashi ba a gani. Da na shiga ciki, dogon barandar nan tun daga ƙofa har matattakala an jera kofuna cike da ruwa, ɗaya na jikin ɗaya, babu wurin sa ƙafa, wasu an yi ƙwallo da su ruwa ya malale. Na duba kofunan da kyau. Nawa ne. Kwali biyu na saya na ɓoye a gareji saboda walimar da nake shirya masa.

Ban san lokacin da na isa ofis ba. Akwai iyaye uku ko huɗu a zaune, ga balan-balan ya cika ɗakin har gwiwa. Firinsifal ɗin dattijo ne mai furfura. Ina ganinsa na zube a ƙasa, gwiwa biyu, na haɗa hannuwa, na ce masa da ɗan Turancin da nake da shi ya yi wa Allah ya yi haƙuri, mu baƙi ne, yaron bai taɓa yin haka ba, kada a hana shi takardarsa. Abin da uwata za ta yi ke nan, abin da kowace uwa a unguwarmu za ta yi ke nan, kuma da zuciya ɗaya na yi shi.

Mutumin ya zabura ya miƙe, fuskarsa ta yi ja. Ya miƙo hannu ya janye, ya rasa ko ya taɓa ni ko kada ya taɓa, sai ya kira sakatariyarsa ta ɗaga ni. Wata mata a cikin iyayen ta rufe baki da hannu. Ofishin ƙofar gilashi gare shi, a bayanta kuma ga yara riƙe da abin goge ƙasa sun yi cirko-cirko suna kallo. Nawa yana cikinsu.

A hankali ya yi mini bayani. Al'ada ce, duk shekara 'yan aji goma sha biyu sai sun yi wa makaranta irin wannan tsokana ta bankwana, siniya farank suke ce mata. Shi ma ya san da zuwanta, balan-balan da allon duk bai damu ba, har hoto ya ɗauka. Ruwan ne kawai ya shiga ƙarƙashin ƙofar laburare ya jiƙa kafet, shi ya sa aka tura wa iyayen 'yan ajin gaba ɗaya saƙo iri ɗaya cewa wanda bai tsaya ya goge ba, ba zai hau dandamali ranar biki ba. Ba a kori kowa ba. Ya ƙara da cewa ɗana yana cikin yaran da yake alfahari da su. Ina jin sa, amma kunnena ƙara kawai yake yi.

Da yamma ɗan nawa ya shigo, ya gaishe ni, ya daɗe a tsaye. Kansa a ƙasa ya ce, "Umma, nan ba a durƙusawa. Kowa ya gani." Ba da rashin kunya ya faɗa ba, wallahi da ya ɗaga murya da ya fi mini sauƙi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Malam. Abin da aka raine ni a kai, aka ce shi ne ladabi, shi ne ya ba ɗana kunya a gaban abokansa. Har yau idan na bi ta titin makarantar nan gwiwoyina nake ji.

A gidan kula da tsofaffi nake aiki. Da na ba wata abokiyar aikina labari, haifaffiyar nan ce, sai ta dafa ni ta ce nasu ai mai sauƙi ne. Ta ba ni labarin wanda kowa ke ji a ƙasar nan, na yaran da suka saki aladu uku a cikin makaranta suka rubuta musu lamba 1 da 2 da 4, malamai suka wuni suna neman na 3. Ta ce a ƙauyukan Ohayo akwai ranar da yara ke zuwa makaranta a kan taraktocin iyayensu. Akwai ranar da 'yan ajin ƙarshe ke haɗa baki su ƙi zuwa gaba ɗaya. Wasu ƙarti masu gemu sai su goyo 'yar jakar yaran naziri mai zanen katun su yi ta yawo da ita. Wasu kuma su kwana a tanti a filin makaranta. Ta ce inda abin ke ɓaci shi ne idan an zuba mai a ƙasa wani ya zame, ko an fasa wani abu, to nan 'yan sanda kan shigo, kuma a hana yaro hawa dandamali.

Akwai guda ɗaya da na hana ɗana tun kafin wannan, kuma ban yi nadama ba. Wasa ne da suke farautar juna da bindigar ruwa a unguwanni, har da laɓewa a bayan gidajen mutane da asuba. Na ce masa ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai yi ba. A jihar nan, a Kilibland, tafiyar awa biyu daga inda muke, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice a watan Nuwamban 2014, yaro baƙar fata ɗan shekara 12, yana riƙe da bindigar wasa. Ya yi fushi na kwana biyu, ya haƙura.

Ni a 2001 na yi kandi, makarantar kwana ta 'yan mata. Ranar da muka rubuta takardar ƙarshe kuka muka yi ta yi. Muka bi malamai ɗaya bayan ɗaya, har da matar da ke dafa mana abinci, muna neman gafara, su ma suna cewa mu yafe musu dukan da suka yi mana. Na ba ƙanwar ranata bokitina da kwanon gari. Yanzu ƙanwata tana turo mini hotunan yaran gida suna rubuce-rubuce da maka a jikin fararen riguna, wannan ma ban so shi ba. Amma a taɓa motar shugaban makaranta? Ko a mafarki.

Na kwana uku ina juya abin a raina, sai wani dare a wurin aiki, ina zaune kusa da wata tsohuwa da ba ta iya barci, na tuna tashe. Goma ga azumi yaran unguwarmu sukan manna gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su zo ƙofar gidanmu. Wata shekara wani ɗalibin Malam ya sa tabarau na kara, ya riƙe bulala, yana tafiyar Malam sak, har da yadda yake gyara murya kafin ya yi magana. Mu muka tsorata muka laɓe a zaure. Malam kuwa dariya ya yi har hularsa ta faɗi, ya laluba aljihu ya ba su kuɗi, ya ce su sake. Ashe mu ma muna da ranar da ake buɗe wa yaro ƙofa ya taɓa babba, kamar yadda jika ke tsokanar kaka, kamar yadda taubashi ke tare ka ya karɓi kuɗin shara. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Sai dai yaron nan mai tabarau washegari da safe durƙusawa ya yi ya gaida Malam. Wannan rabin ne ban gani a nan ba, kuma shi ne rabin da na kai musu ofis suka rasa yadda za su yi da shi.

Amma fa kada a ji ina ƙorafi a ɗauka ban yi murna ba. A watan Disamban 2019 muka sauka, cikin dusar ƙanƙara, yaron nan da 'yar rigar sanyin da muka saya a Sabon Gari. Wata uku bai cika a makaranta ba aka rufe makarantu saboda korona, a watan Maris na 2020. Aji tara a ɗaki ya fara shi, gaban kwamfuta, bai san kowa ba, ba wanda ya san shi. Da aka koma, shi kaɗai yake cin abinci. Sun yi ta kwaikwayon yadda yake magana. Ya taɓa tambayata ko zan mayar da shi wurin Inna. Wannan yaron ne abokai suka zo ɗauka ƙarfe huɗu na asuba, kuma a cikin ɗaruruwan ɗalibai shi suka ce ya rubuta allon. Littafin hotunan nan da suke ba juna a sa hannu a ƙarshen shekara, nasa babu sauran wurin rubutu. Na ɗauka a ɓoye na duba, ban gane rabin abin da suka rubuta ba, na rungume shi a ƙirji.

Ranar bikin, a ƙarshen watan Mayu, Abbansu ya samu ya dawo. Muka sa shadda, ƙannensa mata na yi musu lalle. Aka kira sunansa, duk da an karya sunan, ya taka ya hau cikin doguwar riga da hular nan mai kusurwa huɗu, firinsifal ya ba shi hannu ya raɗa masa wani abu, su biyun suka yi dariya. Iyayen wasu har da ƙaho suke busawa. Guɗa ta taso mini har maƙogwaro, sai na tuna ƙofar gilashin nan da idanun yara, na haɗiye ta. Tafi kawai na yi.

Muna fitowa na kira Inna ta WhatsApp. Awa biyar suka riga mu, dare ya raba a Zariya, amma ta ƙi kwanciya, tana zaune a kan darduma da wayar ƙanina a hannu. Tana ganinsa cikin rigar ta rangaɗa guɗa, a wannan tsohon daren, har na ji matar ƙanina ta fito tana tambayar lafiya, ita ma ta amsa. Ni kuma ina tsaye a filin ajiye motoci ina share hawaye da bakin mayafi. Inna ta ce, "Angona, ka gama? To ka bi malamanka ka roƙi gafara?" Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Na gode musu, Inna."

Ban gaya mata zancen ofis ba, har yau. Ƙafarta ta matsa mata, yanzu a zaune take salla. Rufin ɗakin Malam yana yoyo, ga damina ta kama, ƙanina yana cewa a bari sai bayan aurensa, ni kuma na ce a fara da rufin, littattafansa duk suna ciki. Yayata ta yi fushi wai na fi kiran ƙanwarmu. Rabona da in ga Inna ido da ido tun ranar da ta raka mu filin jirgin Kano ta ƙi sakin hannun yaron nan.

Bayan Babbar Salla wata 'yar Kaduna da ke nan ta dawo daga gida, ta kawo mini saƙo. Kuka da daddawa da yajin Inna, sai wata hula zanna bukar a naɗe cikin jarida. Inna ta ce a kai wa shugaban makarantar, mutumin da ya riƙe mata jika shekara huɗu ba a barinsa hannu rabbana. Hular tana nan a saman kabad. A watan Agusta za a koma makaranta, ƙanwarsa ce za ta shiga aji tara, a wannan makarantar. Na tambayi Mai sunan Malam ko zai kai, ya ce, "Umma, mu je tare."