Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Jitar Da Hunturu Ya Tsaga

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wancan satin na tsaya ne a inda Kawu ya fara barina in riƙe zarto da kaina a shagonsa da ke kusa da kasuwar Katako a Jos, to a cikin hunturun shekarar ne wani malamin sakandare ya shigo mana da jita a cikin buhu, irin mai tsirkiyar nailan ɗin nan da ba a jona wa wuta, fuskarta ta tsage daga ƙarƙashin jaki, wato ɗan katakon da ake ɗaure tsirkiyu a jikinsa, har ƙasa. Busasshiyar iskar Jos ce ta tsotse danshin katakon ya tsuke ya dare.

Kawu ya juya ta ya ce Malam ai wannan ƙaramin aiki ne, sai mu manna mata katako mai kauri ta ciki, har jikokinka ba za ta ƙara tsagewa ba. Malamin ya riƙe baki ya ce haba Baba, ai in ka yi haka ka kashe ta. Ya ce in tura hannu ta ramin da ke fuskar in shafa. Wallahi fuskar nan kaurinta bai fi milimita 2 da rabi ba, ga wasu siraran itatuwa guda 7 an manna su sun baje ta ƙasa, mu da muka saba da gado da kabad sai na ga kamar ha'inci aka yi wa mutumin.

Ashe da gangan ne. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata ƙara don siririya ce, ba ta iya tura iska, girgizarta ce ke bi ta jaki ta shiga fuskar, fuskar ta riƙa shiga tana fita kamar fatar gurmi, iskar cikin akwatin kuma na numfashi ta ramin, ita ke ƙara wa ƙananan sautuka kauri. Amma tsirkiyun 6 na jan jakin da nauyin da ya kai wajen kilo 40 dare da rana, shi ya sa ake sa itatuwan ciki, su hana ta lotsawa ba tare da sun danne ta ba. Duk gwanintar maƙeri tana wajen nan, ya rage katako har bakin inda zai karye sannan ya tsaya.

Malam ya ce wani kafinta ɗan Sifen, Antonio de Torres, wanda ya rasu a 1892, shi ya daidaita wannan tsari, har a 1862 ya yi jita da baya da gefe na kwali don ya nuna a fuska sautin yake. Kawu da ya ji kwali ya yi tsaki, ni kam abin ya shige ni. Baya da gefe akan so katako mai nauyi dangin madobiyarmu, fuskar kuwa itacen ƙasashen sanyi ne mara nauyi, babu shi a Katako.

Gam muka ɗura a tsagar, na fere 'yan ƙananan katakai kamar farce na manna ta ciki a gicciye, muka ɗaure ta kwana. Da Malam ya zo karɓa ya auna daga ƙarshen wuya na sama zuwa jaki, milimita 650, ya kaɗa, sannan ya tambayi Kawu ko zai ba shi aron yaron nan, wato ni, duk Asabar. Amsar da Kawu ya ba shi da rigimar da ta biyo baya a gida da Inna, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.