Ranar da na ga ɗan barewa yana rarrafe

Tun muna yara muke jin ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To ni na ga ɗan barewa yana rarrafe da idona, kuma da hannuna a cikin abin da ya sa daga baya ko rarrafen ya gagare shi.

Abin ya faru ne a wata gonar kiwon bareyi a yankin Kantabari, Tsibirin Kudu na ƙasar Niyu Zilan, inda aka tura ni sanin makamar aiki ƙarƙashin wata likitar dabbobi. Barewar can ba irin tamu siririya ba ce. Jar barewa ce ta Turai, ƙatuwa, wadda namijinta ke fid da ƙaho mai rassa ya zubar da shi duk shekara. Turawa ne suka kai ta a ƙarni na 19 don farauta, ta hayayyafa har ta addabi dazuka, sai wajen 1970 aka fara kiwonta, ana kamo ta daga duwatsu da jirgi mai saukar ungulu. Naman yana tafiya Turai da Amurka, ɗanyen ƙahon kuma Koriya ta Kudu da Sin, inda ake haɗa magani da shi. Duk da shekarun nan a cikin shinge mai tsayin kusan mita biyu, barewa ba ta zama akuya ba. Ni kuwa da awaki da maruƙa na saba, hannuna ya riga kaina sauri.

Haihuwarsu a Nuwamba da Disamba take, don haka a Janairu, tsakiyar zafinsu, 'ya'yan sun kai sati shida zuwa takwas. Wata rana da hantsi mai gonar, wani dattijo marar yawan magana, ya nuna mini wani ɗa da ke bin garke daga baya. Yana haɗa ƙafafun baya biyu ya yi tsalle kamar zomo, in ya gaji ya durƙusa ya ja jiki. Dattijon ya ce a bari sai la'asar ta yi sanyi, a koro shi tare da uwarsa da sauran garken zuwa rumfa. Yana juya baya na ce a raina, abin da bai wuce ɗan akuya ba, gurgu ma, shi za a tashi garke guda dominsa? Na shiga filin ni kaɗai.

Gurgun nan ya ba ni ruwa. Mun fi minti goma muna zagaye kafin na rutsa shi a kusurwar shinge na danne. Na ɗauko shi a ƙirji, kilo 20 da ɗoriya, zuciyarsa tana bugawa a damtsena kamar za ta faso. Da na sauke shi a rumfa sai ya zube. Na ɗaga shi, ya sake zubewa. Ma'auni ya nuna zafin jikinsa ya haura digiri 41, alhali na lafiyayye bai cika wuce 39 da rabi ba. Na ce zazzaɓi ne, na zuƙo allurar kashe ƙwayoyin cuta.

A haka likitar ta same ni. Ko kallon sirinjin ba ta yi ba. Ta kashe fitila, ta rufe masa ido da tsumma, ta kori kare da yaron gona waje, ta sa na jiƙa masa hammata da cinyoyi da ruwan sanyi. Sai da numfashinsa ya lafa ta tambaye ni cikin raɗa, minti nawa na bi shi. Na ce biyu zuwa uku. Ta dubi rigata da ta jiƙe sharkaf da gumi, ba ta ƙara ko uffan ba. Washegari fitsarinsa ya fito ja-baƙi kamar shayin da ya kwana a buta.

Wannan shi ne ciwon kamu, kuma a littafi na san shi sarai, na ma ci jarrabawa a kansa. Dabbar daji an gina ta ne don gudun 'yan daƙiƙu, ta tsira ko ta mutu. Idan tsoro da gudu suka yi tsawo, tsoka takan yi zafi, tsami ya taru a cikinta, ta fara farfashewa. Jan sinadarin da ke cikin tsokar ya kwarara cikin jini ya toshe ƙoda, shi ne launin da na gani a fitsari. Ba shi da wata allura takamaimai. Sanyaya jiki ne, da ƙarin ruwa ta jijiya don wanke ƙoda, da maganin raɗaɗi bayan ruwan ya shiga, sai duhu da shiru. Barewa takan natsu a duhu, shi ya sa rumfunansu ba su da tagogi masu yawa.

A zaune kan buhun abinci, jakar ruwa tana ɗiga, ta koya mini yadda take tunkarar ɗan barewa da ya kasa tashi, kuma da shekarunsa take farawa. Jariri na kwanakin farko da ka tarar kwance lamo a cikin ciyawa, galibi lafiyarsa lau, uwa ce ta ɓoye shi, ɗaukarsa ne cutar. Wanda ya kwanta da gaske a satin farko, a fara zargin sanyi da yunwa da rashin samun dakashi, kuma a ɗumama shi kafin a ba shi komai, domin madarar da aka ɗura wa wanda ba ya iya riƙe kansa huhu take tafiya. In gaɓoɓi sun kumbura da zafi, a duba cibiya, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Sai karaya daga karo da shinge, sai ƙarancin sinadarin seleniyam, wanda ƙasar noman can ta yi kaurin suna a kansa, mai sa tsoka ta yi fari ta raunana. Duk wannan ba ta ɗauki minti biyar ba. Inda ta daɗe shi ne gwiwoyinsa na baya. Ta kama hannuna ta ɗora. A kumbure suke, cike da ruwa, amma babu zafi, cibiya kuma a bushe. Ta ce gudun da na sa shi ne ya kayar da shi yau, amma tsallen zomon ya girmi yau, ya ma girmi haihuwarsa.

Ƙarancin sinadarin jan ƙarfe take nufi. Jiki yana buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsa don ƙulla guringuntsi da ƙashi, da kuma rufin jijiyoyin laka. Ɗan tayi daga hantar uwa yake ɗibar nasa a ƙarshen ciki, ya ajiye a tasa hantar, domin nono ba shi da shi sosai. Barewa kuwa cikinta na wajen kwana 233 yana ratsa hunturu ne, daidai lokacin da ajiyarta ke ƙasa. Ga kuma wasu sinadarai a ciyawa da ƙasa, molibdinam da farar wuta da baƙin ƙarfe, da ke ɗaure jan ƙarfen a tumbi su hana shi shiga jini. Uwa tana iya yin ƙiba, gashinta na sheƙi, ɗanta ya zo da guringuntsi mai tsagewa. A manya kuma, yawanci daga wata tara zuwa sama, ƙarancin a laka yake bayyana, ƙugu ya riƙa tangaɗi, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Nan take na ce to a yi masa allurar jan ƙarfe mana. Ta girgiza kai. Guringuntsin da ya riga ya ɓare ba zai koma ba, kuma jan ƙarfe guba ne in ya yi yawa, balle ga mai ciwon ƙoda. Har yanzu ina mamakin yadda sau biyu a yini ɗaya hannuna ya nufi sirinji.

Kwana biyar na yi jinyarsa. Na shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa mai kauri, na tokare shi da dami biyu don ya zauna a kan ƙirji, ina juya shi kowane 'yan awanni har cikin dare. Madarar gari ta 'yan tumaki muke dama masa, don nonon barewa ya fi na saniya maiƙo nesa ba kusa ba. Ya ƙi bulumboti kwana biyu, a na uku ya kama yatsana ya tsotsa, har na fara sa rai. Muka rataye shi a majanyin buhu ko ƙafafun za su tuna aikinsu. Ba su tuna ba. Uwarsa kuwa tana ta kai-komo a bakin shinge tana kira. A rana ta shida fitsari ya ɗauke, likitar ta ce ci gaba zalunci ne, aka yi masa allurar hutawa.

Ni ta miƙa wa wuƙa. Tsokar cinyoyinsa ta yi zane-zanen fari kamar dafaffen kifi, wannan aikina ne. Da na buɗe gwiwa, guringuntsin ya tsattsage, wani ɓallin yana yawo a cikin ruwa. Muka aika hanta ɗakin gwaji, sakamako ya dawo da jan ƙarfe ƙasa ƙwarai. Jinin iyaye da muka ɗiba ya nuna haka shi ma. Aka tsara a riƙa ɗura wa masu ciki ƙwansunan jan ƙarfe da ke zama a ciki suna narkewa sannu a hankali, a kuma gwada ciyawar filayen kafin a sake zuba taki. Da ban bi shi ba, da wataƙila ya girma da ɗingishi har ya kai kasuwa. Dattijon bai taɓa faɗa mini haka ba, ni na faɗa wa kaina.

Abin da ya yi shi ne ya ba ni tabaron hangen nesa ya ce in zauna cikin mota a kan tudu in ƙirga masu tsallen zomo. Yamma biyu na yi, na samo huɗu. Ranar shigo da su aka jira rana ta yi sanyi, aka buɗe hanya, garken ya gangaro da kansa, kowane ɗa a gefen uwarsa, dattijon yana tafe can baya hannuwansa a aljihu. Ni aikin da aka ba ni shi ne in laɓe bayan ƙofa, kada in motsa, kada in yi tari, sai na ƙarshe ya wuce in tura ta a hankali.