Maryam Babangida da ofishin da babu shi a tsarin mulki

Duk lokacin da aka yi sabuwar gwamnati a Najeriya, tun ministoci ba su gama sanin ofisoshinsu ba sai ka ji uwargidan shugaban ƙasa ta ƙaddamar da nata shirin, da suna mai daɗi da tambari da komai. Yaran yanzu sun ɗauka dama can haka abin yake, alhali Hajiya Maryam Babangida ce ta buɗe wannan ƙofar. Kafin ita matan shugabanni rakiya ce aikinsu da tarbar baƙi, shikenan.

An haife ta a 1948, babanta mutumin Asaba ne, mamanta kuma Bahaushiya daga jihar Neja, a Kaduna ta yi karatu, ta auri Ibrahim Badamasi Babangida (IBB) a 1969 ana tsaka da yaƙin basasa. A ƙungiyar matan hafsoshin soja NAOWA ta fara gwada hannunta, to da maigidan ya karɓe mulki a watan Agustan 1985 ai ta riga ta san yadda ake tara mata a sa su aiki.

A 1987 ta kafa shirin Better Life don matan karkara. Kuma gaskiya tsarin akwai wayo a ciki, ita a sama, matan gwamnonin soja su riƙe jihohi, matan ciyamomi su riƙe ƙananan hukumomi, sai abu ya gangara har ƙauye, ana kafa ƙungiyoyin gama kai, ana raba injin niƙa da keken ɗinki, ana buɗe ajin yaƙi da jahilci, a kwaso kayan da matan suka yi da hannunsu a kai baje koli birni. A 1991 har lambar yabo ta yaƙi da yunwa a Afirka aka ba ta tare da Wangari Maathai ta Kenya.

Amma ka tambayi duk wanda ya kalli labaran ƙarfe tara na NTA a wancan zamanin me ya fi tunawa, wallahi kwalliyar zai fara ce maka. Ɗaurin ɗankwalin nan, leshi, gwalagwalai, tafiya a nitse. Ni a ganina ba ado ne kawai ba, da shi ta sa kyamara ta bi ta, kyamarar kuma ta haska matan da ba wanda ya taɓa haskawa. Matsalar dai lokacin SAP ne, wato shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin IBB, naira na faɗuwa, abinci na tsada, talaka na kallon manyan mata cikin gwal suna jawabi a kan talauci, dole a yi gunaguni. Ga kuma tambayar da masu suka ba su daina yi ba, kuɗin daga ina suke fitowa kuma wa ke bin diddiginsu, tunda ofishin uwargidan shugaban ƙasa ba ya cikin tsarin mulki?

Abin da ya fi damuna shi ne shirin a jikin mijinta yake rataye. IBB na sauka a 1993 Better Life ya fara shuɗewa, Maryam Abacha ta zo da nata na tallafa wa iyali, Stella Obasanjo ta zo da na yara, haka aka yi ta yi har kan Aisha Buhari, kowacce sai ta faro nata daga tushe. Cibiyar bunƙasa mata ta Abuja dai tana nan da sunanta.

Ta rasu ranar 27 ga Disamba 2009 a wani asibiti a Los Angeles ta Amurka bayan fama da ciwon daji, aka kawo ta Minna aka binne. Allah Ya jiƙanta Ya gafarta mata.