Kwafi 30 Na Buga, 11 Suka Tsira

Da hunturu na fara buga zanen hannuna, a ɗan shagon Malam da ke Samaru, Zariya. Hoton wata mai tallan fura da nono ne, na karce shi a kan farantin zinki da aka shafe da abin da ke kare shi daga asid, na tsoma a asid har layukan suka zauna. Da gwajin ya fito yadda nake so, Malam ya rubuta B.A.T., wato alamar an amince a buga sauran kamarsa, da fensir a ƙasansa, ya liƙa a bango. Ya ce, "Wannan ne ma'auninka. Duk wanda bai yi kama da shi ba, ba naka ba ne."

Na jiƙa takardar Fabriano, wata takardar zane 'yar Italiya, tun da safe, na shiga aiki. Goman farko sun fito tas, baƙin ya yi baƙi, ƙwaryar da ke kanta har tana ɗaukar ido. Kafin azahar iska ta busar da sauran takardun, ni kuwa gaggawa ta hana ni lura. Busasshiyar takarda ba ta nutsewa cikin layi ta ɗebo tawada, sai fuskar matar ta riƙa fitowa a koɗe. Ga ƙura ta taga tana sauka a kan gilashin da nake murza tawada, ko wace ƙwaya ta bar ɗigo a jikin bugun.

Da la'asar Malam ya jera su a kan tabarma, ya ɗauko na bangon yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ware 11. Na ce, "Malam, ai mai saye ba zai gane ba." Ya dube ni ya ce, "Idan ka rubuta 17/30, wato na 17 cikin 30, ka sa hannu, shaida ka bayar cewa daidai yake da na farko." Ni da hannuna na yage sauran, raina yana ƙuna, don wata biyu na yi ina tara kuɗin takardar nan.

Malam ya taɓa halartar horon da shahararren mai zane Bruce Onobrakpeya ke shiryawa a Agbarha-Otor, Jihar Delta, tun 1998, kuma daga can ya zo da tsananinsa kan tsaftar teburi. Yanzu tun dare nake jiƙa takarda, in naɗe ta a leda, in danne da katako. Kafin in buɗe gwangwanin tawada sai na yayyafa wa ƙasa ruwa, na rataya jiƙaƙƙen zane a taga. Daga asuba zuwa hantsi nake bugu, iska na tashi in rufe.

Asid kuwa mun fitar da shi waje, gindin darbejiya, bayan da tururinsa ya sa ni tari na kwana uku. Kananzir ma mun rage, da man gyaɗa muke goge faranti.

Sha ɗayan nan na sake musu lamba, 1/11 zuwa 11/11, sannan Malam ya miƙo mini ƙusa na ja layi biyu a kan farantin don kada a ƙara buga shi.